Kukan Uba a kan Rufe Ɗakin Malam Haliru

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da ɗana Nasiru ke karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni manomin albasa ne a Magarya, mahaifin Nasiru da ke ajin ƙarshe. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce mani kana taro ko ka tafi Sakkwato. Shi ya sa na rubuto a fili, don na san ba ni kaɗai ke kwana da wanga tashin hankali ba.

Na farko, ina so ka san yaron. Tun shekarar da 'yan bindiga sunka kore mu daga ƙauyenmu munka dawo Magarya, Nasiru bai koma daidai ba. In baƙo ya yi sallama, sai ya shige ɗaki. In malami ya kira sunanshi a aji, sai ya duƙar da kai, ko da ya san amsa. Na taɓa aiken shi kasuwar Wurno sayen taki, ya tsaya gaban mai shago har ya gaji, ya dawo hannu wofi don ya kasa buɗe baki. Uwarshi ta nemo magani, mun yi addu'a, amma ni dai abin da ke cina shi ne, ranar da ba ni, yaron ga da mi zai ci abinci?

Na biyu, Malam Haliru, malamin ba da shawara a makarantarka, shi Allah ya sa ya lura da shi. Duk Alhamis bayan an tashi yakan zauna da irin waɗannan yara a ɗan ɗakin nan na bayan ofishin malamai. Bai yi wa Nasiru faɗa ba, bai ce mashi ya zama namiji ba. Tambayar shi ya yi mi hannunshi ke son taɓawa, yaron ya ce injin ban ruwa. Daga nan ya riƙa koya mashi yadda ake gaida mai sana'a, a dubi fuskarshi, a faɗi suna, a ce ban gane ba in ba a gane ba. Da ya ga ya fara sakin jiki, ya ɗauke shi a babur har Goronyo, wurin Ummaru mai gyaran injuna, ya roƙa mashi gurbin koyo ranar Asabar.

Da ranin bara injina ya mutu a fadama, albasa na neman ruwa. Nasiru ya tsuguna, ya kwance shi, ya wanke, ya tayar. Maƙwabcina ya tambaye shi abin da ya lalace, Nasiru ya tsaya ya yi mashi bayani da murya sarai, mutane na kallo. Kau da kai na yi don kada a ga idona.

Na uku, ga kukana. Wanga zango kun ƙara wa Malam Haliru azuzuwa har ba ya da lokacin kowa, anka rufe ɗakin, anka loda karyayyun bencina ciki. An ce mana jarrabawa ce gaba. Ban ƙi jarrabawa ba, ranka ya daɗe. Amma Ummaru ya ce zai ɗauki Nasiru aiki in ya gama makaranta, da sharaɗin ya iya tarbar masu kawo gyara shi kaɗai. Wannan tarbar ce Malam Haliru ke koya mashi sa'ad da anka rufe ɗakin. Yanzu yaron ya fara fashin zuwa Goronyo, abinci ma tsakura yake yi. Wasu samari da sunka dawo daga haƙar zinari na yawan kewaye shi. Shekaranjiya muna cirar ciyawa ya ce mani, "Baba, can an ce ba a son magana, haƙa kawai ake yi." Ɗan maƙwabcinmu ya bi wannan hanya, har yau iyayenshi ba su ji muryarshi ba.

Don haka ina roƙon ka da girman Allah: a rage wa Malam Haliru azuzuwa, a mayar mashi da yammacin Alhamis. In ɗakin ba ya samuwa, mu iyaye za mu zo da kanmu mu kwashe bencinan, ko mu kafa rumfa. Kuma a kira mu taro kafin a shiga jarrabawa, don in yaran nan sunka watse, ba wanda zai iya tattaro su.

Ban iya hana Nasiru tafiya da ƙarfi. Na gwada magana da shi, ban san kalmomin da malamin nan ya sani ba. Kai ke da ikon mayar mana da Malam Haliru tun yaron yana gida.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya raya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

Naka,
Mahaifin Nasiru, Magarya