Dutsenka mai rai ya cinye kifin Auta

Baban yara,

Na fita aiki kana ta minshari, sai ka karanta.

Mai shagon kifi ya ce mu sa busasshen dutse a tankin ruwan gishirin nan, mu yi haƙuri ruwan ya daidaita. Ka kafe kai sai mai rai, wanda aka ciro daga teku jiƙe sharkaf, wai ya fi sauri. To, ga sauri nan. Da safe wata ƙaguwa mai gashi ta fito daga ramin dutsen, ta cafke Ɗan Lemo, kifin Auta, a gaban idonta. Rabinsa na tsamo da rariyar shayi. Yarinyar nan ko ruwa ba ta sha ba ta tafi makaranta, tana tambayata ko kifi yana jin zafi.

Kafin in dawo ka kwashe duwatsun nan kaf, ka kai su waje. Kada ka sayo wani kifin ka ce mata ya warke, ta san ɗigon da ke wutsiyarsa.

Tambayarta kuwa tana jiranka. Na ce mata Baba ne masanin teku.