Daga Dubai Zuwa Guangzhou Awa Takwas Ne

Zuwa ga maigidana, sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, tun ba ka fita ƙofa ba. Na soke wannan takarda a tsakanin rigunanka ne don ka karanta ta a inda ba za ka kashe mini baki da murmushin nan naka ba.

Ka tuna ranar da ka fara tafiya sarin kayan gyaran waya? Ina goge maka riga, kana zaune a bakin gado kana tsokanata, ka yi mini alkawarin kira biyu: ɗaya kafin jirgi ya tashi, ɗaya da zarar ya sauka. Shekara da shekaru ba ka saɓa ba. To me ya same ka a tafiya biyun nan na baya? Ka kira ni daga Dubai, sai wayarka ta mutu, sai bayan kwana uku na ji muryarka daga Guangzhou, garin da kake sari. Da na tambaya ka ce bambancin agogo ne. Haba masoyi! Agogon falona bai shiga jirgi ba, kuma shi na zuba wa ido.

Ban so bin diddiginka ba, amma zuciya ba ta da ƙashi. Na je wurin mai sayar da tikitin jirgi da ke jikin shagonka, na tambaye ta kamar da wasa. Ta ce tsakanin garuruwan biyu bai cika kilomita dubu shida ba, awa takwas ta ishi jirgi. Sai ta ƙara da cewa wasu kan yada zango a Indiya don ganin likita. Ta dubi fuskata, ta haɗiye sauran maganar, ta shiga gyara teburin da ba abin da ya same shi.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko mace na zarga. Na shinshine rigunanka kaf kamar kyanwa, ban ji turaren kowa ba. Abin da na gani shi ne sabon hujin da ka yi wa bel ɗinka da ƙusa, da tabon filasta a lanƙwasar hannunka. Kai da gishiri bai taɓa isarka ba, yanzu kai ke cewa in rage. In kana hawa bene sai ka tsaya a rabi, wai kana duba waya. Ni za ka yi wa wannan, ni da na san numfashinka fiye da nawa?

Wallahi har addu'a na yi, Allah ya sa mace ce. In mace ce, zan yi fushi, in yi kuka, in share hawayena, kana nan da ranka. Ciwo kuwa tsoronsa nake ji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne kana kwanciya a gadon asibiti ba mai miƙo maka ko ruwa, alhali kana da ni.

Ina roƙonka, ya hasken rayuwata, a wannan karon kada ka jira Guangzhou. Ka kira ni daga inda ka sauka da gaske, ka miƙa wa likitan wayar.

Taka ce ni, komai zai faɗa, har ranar da ƙasa ta rufe idona.

Matarka.