Sarƙar Motar Mahaifinka

Sani, ɗan ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya Legas, ya ƙafar Hajara? Mu nan Birnin Kudu lafiya, sai ɓacin ran da na saba. Shekara da shekaru, in na yi magana a kan inji, sai ku ce Baffa bai yi boko ba.

Tsohuwar motar tseren mahaifinka da ka bar mini ajiya, duk safiya in na tayar da ita sai ta yi kacau-kacau, baƙin mai na zagawa ta yi shiru. Na ɗora sukudireba a murfin inji, na kafa kunne. Sarƙar tayimin, mai daidaita bugun inji, ita ce ta saki. Na faɗa maka, sai ka turo makanike mai kwamfuta daga Kano. Ya iso da azahar, inji ya yi zafi, ya ce ƙalau take. Yanzu wai ka ce a kai ta garin Sara rakiyar amarya! In sarƙar ta tsallake haƙori a hanya, injin ya tafi, kuma motar nan kaɗai marigayi mahaifinka ya bari.

Gai da yara, a sa mu a addu'a. Makulli na aljihuna, ba zai fito ba. Ka amsa mini: yaushe mai kwamfutarka zai zo da sassafe ya saurara a gabana?

Baffanka, Idi