Wadda Ƙanƙara Ta Fashe da Ita

Aldewier, farkon Maris

Ƙanwata Rinske,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da hayaniyar Amsterdam ɗinki. Siebe, mijin nan nawa da ba ya karanta komai sai farashin madara, shi ya fara ganin hotonki a jarida. Wai littafinki ya shiga shidan ƙarshe a gasar ƙagaggun labarai na Holanci ta bana. Na taya ki murna, kuma da gaske nake.

Na karanta shi. Kin iya rubutu, ban hana ki ba. Ga rafin bayan coci ya daskare, ga mu uku da takalman zamiya a kan ƙanƙara, ni a gaba, ɗan'uwanmu Hidde a tsakiya, ke kina ta faɗuwa a baya. Amma Rinske, Hidde ne ƙanƙara ta fashe da shi, yana ɗan shekara goma. Ni na kwanta rub da ciki ina miƙa masa gyalena. A littafinki kin sa ya tsira ya girma, ni kuma kin tura ni ƙarƙashin ƙanƙarar. Ko suna ba ki sauya mini ba. Abin ya yi mini ciwo, gara in faɗa miki.

Jiya matar mai burodi tana naɗe mini burodi ta ce, "Ina labarin Hidde? Har yanzu yana aikin jirgin ruwa?" Na ce, "Geeske, ke fa kika ɗauki fure a jana'izarsa." Ta tsaya tana kallona, can ta ce, "To jana'izar wa na je?"

Ki gaishe da kanki. Yayarki,
Baukje

Amsterdam, tsakiyar Maris

Yaya Baukje ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma dariya. Haba Yaya, labari ne fa! Geeske tun muna yara take ba mutane canjin da ba nasu ba, yau ne za ki ɗauki maganarta? Ta karanta littafin ne kanta ya juye.

Na zaɓe ki ne don ke ce mai ƙarfi. Na san za ki iya ɗauka. Ina so ne kawai, ko a takarda, in ga Hidde ya yi gemu.

Nan kuwa ba hutu. An haɗa mu shida ana yawo da mu ɗakunan karatu, daga Groningen har Antwerpen, muna murmushin ƙarya ga juna. Mai buga littafina ya ce an sake bugu na uku, kuma idan na ci, babu gidan da ba zai shiga ba. A watan Mayu za a yi liyafar gasar, a faɗi sunan wanda ya ci a talabijin tsakanin nama da kayan zaƙi. Na ajiye muku kujeru biyu ke da Siebe. Ki ce masa ya wanke ƙamshin shanu.

Taki har kullum,
Rinske

Aldewier, Afrilu

Rinske,

Ina gaishe ki. Na kira ki a waya sau da yawa, kina ta cewa "Waye? Waye?" Da Siebe ya karɓa kika ce masa ƙarar ruwa kawai kike ji. Shi ya sa na koma takarda.

Kin manta ranar haihuwata, ba komai, ba ke kaɗai ba ce. Na jera kujeru a da'ira kamar kullum, na yanka kek, na dafa kofi. Maƙwabta suka shigo suna bin da'irar suna ba kowa hannu, suna taya Siebe murna, suna taya junansu. Ni aka tsallake. Matar fasto ta ce, "Siebe, bikin me ma muke yi?" Ya waiga yana neman abin da zai tuna masa. Ina tsaye a gabansa da butar kofi a hannu.

Kin san labulenmu a buɗe yake tun zamanin Heit, mahaifinmu da ya ce gidan kirki ba ya ɓoye komai. Duk mai wucewa a keke yakan ɗaga mini hannu. Yanzu suna kallon tagar kamar ta gidan haya da ba kowa.

Na je wajen Mem, mahaifiyarmu, a gidan tsofaffi. Littafinki na kan cinyarta, ita da ba ta taɓa son karatun Holanci ba sai yaren ƙauyenmu. Na ce, "Mem, ni ce." Ta ce, "Sannu 'yar nan, ke sabuwar ma'aikaciya ce? Matsa daga hasken, ɗana zai zo." Na ce, "Wane ɗa?" Ta ce, "Hidde mana. Jiya ma ya kawo mini kifi." A kan teburinta akwai takardar kifi, da maiƙo a jiki.

Za ki ce tsufa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na lura tun wasa farin girki: duk bugun da aka ƙara, sai wani ya daina ganina. Hannuwana ba sa ɗumi ko na ɗora su a kan murhu, gashina kuma ba ya bushewa.

Ina jin tsoro, Rinske. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki janye littafin daga gasar. Waɗanda suka karanta sun karanta, da su zan iya lallaɓawa. Idan kika ci, ƙasar nan gaba ɗaya za ta san na mutu ina 'yar shekara goma sha biyu, ni kaɗai ba zan iya musu da su ba.

Yayarki,
Baukje

Amsterdam, ƙarshen Afrilu

Yaya,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso a jiƙe, da ƙyar na karanta rabinta. Ki je ki ga likita, don Allah, kina aiki da yawa.

Ba a janyewa a wannan matakin. Alƙalai sun gama karatu, an buga katin gayyata, an ɗinka mini riga. In ce musu me? Yayata tana jin sanyi?

Akwai abin da ban so in faɗa miki ba. A Leeuwarden, bayan na gama karanta wa jama'a littafin, mutane suka yi layi in sa musu hannu a kai. Wani mutum mai faɗin kafaɗa ya miƙo nasa littafin, da tabo a haɓa, daidai inda ƙofar rumbu ta buge Hidde. Na ce, "Wane suna zan rubuta?" Ya ce, "Ke dai har yanzu ba ki iya riƙe alƙalami ba, Ƙwaro." Yaya, wa ke kirana Ƙwaro a duniya in ba Hidde ba? Ya yi dariya irin ta Heit, ya ce sai mun haɗu a gida. Hannunsa da ɗumi.

Na yi kuka a jirgin ƙasa har Amsterdam, kuma kukan daɗi ne, ba zan ɓoye miki ba. Me zai hana in same ku ku biyu? Ga alkawari: idan na ci, zan tsaya a gaban kyamara in ce yayata Baukje tana raye, tana Aldewier tana tatsar shanu. Kowa zai ji. Ki yarda da ni.

Ƙanwarki mai sonki,
Rinske

Aldewier, jajibirin liyafa

Rinske,

Gaisuwa. Ba za mu zo ba. Siebe ya ce bai san dalilin da za a gayyace shi ba, tunda wai shi maƙwabcin gidanmu ne kawai.

Yau da rana ya dafa dankali na mutum ɗaya. Na zauna a gabansa har ya cinye. Da ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalmana na katako, ya daɗe, ya gyara musu zama da ƙafa.

Na bi ta maƙabarta. Dutsen kabarin Hidde yana nan, amma gansakuka ta rufe sunan, ni kuma ban kankare ba.

Ba a same mu mu biyu ba, ni da Hidde, ko a ranar da ƙanƙarar ta fashe, Rinske. Gyalen guda ne. Zan kunna talabijin gobe in ji abin da za ki ce.

Ki zauna lafiya.
Baukje

Aldewier, Mayu

Ƙwaro,

Gaisuwa daga gida, da babbar murna. Kin san ni da rubutu, amma wannan ya isa a ɗauki biro. Mun kalli yadda kika ci gasar a talabijin, ni da Mem da rabin ƙauye. Geeske ta ce gobe burodi kyauta ne.

Na ji daɗi da kika ambaci Baukje. Kin kalli kyamara kamar kin manta abin da za ki ce, sannan kika ce "marigayiya yayata". Mem ta share hawaye. Na je na kankare mata dutsen, sunan ya fito tas. Idan kin zo sai mu kai fure tare.

Maƙwabcinmu Siebe, tuzurun nan, yana gaishe ki. Ya ce in tambaye ki, ke mai ilimi, ko kin san mai takalman katako na mata da ke bakin ƙofarsa. Ya rasa yadda zai yi ya zubar da su. Kullum da safe yana tarar da su a jiƙe.

Yayanki,
Hidde