Fankar Murhu da Masaƙar Inna Itto

Timahdit, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Bassu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, teku kuma tana yi muku da sauƙi. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan da godiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Murhun nan naka da ka cika mana kunne da shi, wai ba hayaƙi ba saran itace, a zuba masa ƙwayoyin garin katako a danna kawai, to ya fara yi mana iya shege. Fankar da ke hura ɗumi cikin ɗaki ta zama sai ta ga dama. Ta yi gudu, ta sassauta, ta tsaya cak. Da ta tsaya sai murhun ya ɗau zafi ya kashe kansa, ɗaki ya cika da ƙauri, kafin ya yarda ya sake kamawa sanyi ya shiga ƙashinmu. Ga dusar ƙanƙara ta toshe hanyar zuwa garin Azru, tsohon murhunmu na itace kuma ka kyautar da shi.

Ɗanmu Yidir ne damuwata. Jaririn da ko arba'in bai yi ba ya fara tari, ƙirjinsa na ƙugi in yana shan nono.

Na kira Malam Assu mai gyara. Ya ce, "Wutarku ce ba ƙarfi, 'yar nan." Na kashe firji da talabijin, duk ɗaya. Ya ce, "To, ɗan mare ta a gefe." Na mare ta. Innarka ta ce, "Ke ma dai! Abin da ya zo daga Turai zai ji duka irin na jakinmu?" Na yi dariya, amma wallahi tsoro nake ji.

Inna na gaishe ka. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Rabha

Timahdit, ranar Juma'a

Maigida,

Ina gaishe ka, da fatan kifi na samuwa kuma jiki lafiya. Na gano ciwon fanka, kuma da ma ban gano ba.

Jiya na bari murhun ya huce, na kwance murfin bayansa da wuƙar yanka albasa. Bassu, ulu ne! Ya naɗe fikafikan fankar, ja da baƙi da fari, har na gane kalolin. Dardumar da Inna ke saƙa wa Yidir ce. Ka san bana a ɗakin nan ta kafa masaƙarta saboda ɗumi, dab da bayan murhu. Duk sanda ta buga matsefin ƙarfe ta datse gashin da almakashi, burbushin sai ya tashi, fanka ta shaƙe shi. Abin da fanka ta bari, ɗanka ke shaƙa.

Na share tsaf, ta yi ta gudu har azahar, sai ta koma gidan jiya. Na yafa gyale a inda take shaƙar iska don ya tare ulun, fankar ta yi kamar za ta ƙone. Sharewa kuma sai an kashe wuta an jira ƙarfe ya huce, mu da yaro muna rawar ɗari.

Na nuna wa Inna ulun a tafin hannuna. Ta ce, "Na haifi bakwai a gindin masaƙa, wanne ya mutu da ulu?" Na ce ta dakata zuwa bazara. Ta ce masaƙar da aka kafa rai gare ta, ba a barin ta ta wuni ba a taɓa ba, ba a kuma ɗaga ta sai ta cika. Can ƙasa-ƙasa ta ƙara da cewa, "Wa ya ce miki zan ga bazara?"

Ta yaya zan ja da uwarka a kan wannan? Amma numfashin Yidir yau da sauri-sauri yake, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Da kana nan da kai za ka yi magana.

Taka,
Rabha

Timahdit, ranar Talata

Bassu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada gabanka ya faɗi, Yidir na raye.

Ran Asabar, da ta ga yadda yaron ke numfashi, Inna ta yi alkawarin barin saƙa. Ranar Lahadi na shigo da ruwan alwala na tarar da hannunta a kan zare, ita kanta ba ta sani ba. Da la'asar fanka ta tsaya. Yaro ya turnuƙe da tari har leɓensa ya yi shuɗi, na kife shi a cinyata ina bubbuga bayansa ina salati. Da ƙyar ya ja numfashi ya tsala kuka.

Inna ta miƙe ta nufi masaƙarta. Ta ce in ba ta ƙoƙon ruwa da wuƙa, in rufe ƙofa. Na ce, "Inna, bari kawai za ki yi, ba yankewa ba." Ta ce, "Muddin tana tsaye hannuna ba zai ji magana ba. Ba ni."

Ta tsoma yatsu ta yayyafa wa zaren ruwa, yadda ake jiƙa bakin mai barin duniya, ta yi masa kalmar shahada, sannan ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana yankewa. Dardumar ko rabi ba ta kai ba. Ni da ita muka fitar da itatuwan zuwa garken tumaki.

Tun ranar fanka ba ta ƙara tsayawa ba. Yidir na shan nono, ƙugin ya ragu sosai. Ni ce na samu abin da nake so, amma na kasa kallon Inna. Tana zaune inda masaƙar take, hannayenta a kan gwiwa, ta juya wa murhu baya. Ɗazu na miƙa mata yaron, ta rungume shi ta ce, "Kai ka yi galaba a kaina, ɗan banza. To sai ka rayu."

In jirginku ya iso gaɓa, ita za ka fara kira, ba ni ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Rabha