Ta Hana Ni Hayar Motar, Sai Ga Ta A Cikinta

Anti Zahara, don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, domin na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ina gaishe ki da aiki.

Ni matar aure ce, 'yar Pankshin, ina zaune a ƙasar waje, a garin Greensboro, da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su magani, in kai su asibiti. Da safe ina Pleasant Garden, da rana ina Irving Park, wata rana har High Point. Motata tsohuwa ce 'yar Jamus, a hannun wani na saye ta, kuma tuni na gama biyan kuɗinta.

Kwanakin baya ta fara wani ƙara, na kai ta garejin dilan kamfanin da ya ƙera ta. Kayan gyaran ba su iso ba, sai suka ba ni motar aro, irin wadda suke ba kwastoma ya riƙe kafin a gama masa gyara. Anti, fara ce sol, ƙirar bana, kujerarta har ɗumama bayan mutum take yi. Ciwon bayan da nake fama da shi saboda ɗaga tsofaffi, a cikinta na manta da shi. A Irving Park akwai maƙwabciyar tsohuwar da nake kula da ita, ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba, amma ranar da ta gan ni na fito daga wannan mota sai da ta tsaya muka gaisa. Na san ba ni ta gaisar ba, amma duk da haka na ji daɗi.

Da na mayar da ita, wani mai sayarwa a wurin, Harrison, ya ce sun kusa cire ta daga aro, za su ba da ita hayar shekara uku, wadda suke kira lis, kuma da rangwame tunda ta riga ta ɗan yi tafiya. Ya ba ni takarda.

Ina da aminiya, Tabitha. Tare muka yi sakandare, tare muke waƙa a zumuntar mata a cocinmu, ita ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwar autata. Nas ce, ta fi ni gane takardu. Dama na ɗauke ta a motar mun zaga titin Gate City Boulevard tana ta shafa kujera tana yabawa. Sai na kai mata takardar. Ta karanta tsaf, ta ce kada in kuskura, wannan mota ba tawa ba ce, cinye ni za ta yi. Na ji maganarta, na koma wa tsohuwata.

Ba a daɗe ba, wata Lahadi bayan sujada, na fito na tarar da mata sun kewaye wata farar mota suna guɗa, fasto ya ɗora hannu a kanta yana addu'a, Tabitha na tsaye riƙe da makulli. Na ce wa kaina fararen motoci suna da yawa a garin nan. Matan suka matsa mini sai na shiga na ɗana kujerar gaba a matsayina na aminiya. Tana tayar da motar, sai wayata ta haɗu da ita da kanta, sunana ya fito ɓaro-ɓaro a allon gaba, waƙar da nake ji a hanyar aiki ta tashi. Motar ba ta manta da ni ba. Tabitha ta sunkuyar da kai ta ce za ta yi mini bayani. Na ce ba sai ta yi ba, Allah ya sa albarka, na fita.

Tun ranar ban ƙara samun sukuni ba. Na canza wurin tsayawa a waƙa. Motata can ƙarshen fili nake ajiye ta don kada a gan su kusa da juna. Duk hoton da ta ɗora a waya sai na buɗe na ƙura masa ido, in ce a raina ni na fara zama a kujerar nan. Ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, na tsinci kaina ina fatan a waje ta ajiye ta. Ni da nake jagorantar addu'ar mata! Ta kira ni sau da yawa, ban ɗauka ba.

Yanzu Harrison ya sake kira. Akwai wata motar aron, baƙa, ta ma ɗan fi ta Tabitha girma. Sabuwarta dala dubu hamsin da shida ce, ta yi tafiyar mil dubu shida. Zan riƙa biyan ɗari huɗu da tamanin a wata, su karɓi tsohuwar motata a matsayin kuɗin gaba na dubu uku da ɗari shida. An yarda mini mil dubu goma a shekara, abin da ya haura kuma senti ashirin da biyar kowane mil. Ni kuwa ina yin kusan dubu ashirin, amma zan iya ragewa, ko ba haka ba? Ya ce in wata ya ƙare rangwamen ya wuce. Maigidana Seth bai sani ba, shi a wurinsa mota mota ce in dai tana tashi.

Anti, cinikin nan mai kyau ne? Kuma abin da Tabitha ta yi mini ba cin amana ba ne? Ina son in shiga filin cocin nan da baƙar motar ko da sau ɗaya ne, ta ga yadda ake ji.

Taki,
Wadda Ta Rasa Sukuni, Greensboro

Amsar Anti Zahara

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki, kuma ban yi miki dariya ba. Mace mai ɗaga tsofaffi tun safe har yamma ta cancanci kujera mai daɗi. Bari mu fara da motar, don ita ce ke da wa'adi.

Hayar motar aro tana iya zama ciniki mai kyau, amma kuɗin wata kaɗai ba ya nuna haka. Ki raba darajar tsohuwar motarki a kan shekara ukun nan, za ki ga dala ɗari ce a kowane wata. Ke nan ɗari biyar da tamanin za ki riƙa biya. Masu harkar suna da wani awo na kimantawa: in ba a ba da komai a gaba ba, kuɗin wata ya zama wajen kashi ɗaya cikin ɗari na farashin sabuwar motar. A nan ɗari biyar da sittin ke nan. Ga motar da mutane da yawa suka riga suka tuƙa, wannan farashi ba zalunci ba ne, amma ba araha ba ne.

Inda abin ya lalace miki shi ne tafiya. Ba za ki iya ragewa ba, domin tafiyar ita ce abincinki. Rarar mil dubu goma a shekara, cikin shekara uku tarar dala dubu bakwai da ɗari biyar ce. In kin haɗa, kin kusa ɗari takwas a wata, ba a zo maganar inshora ba, wadda za ta fi ta yanzu tsada. Ranar da wa'adi ya cika kuma za ki miƙa makulli, ba ki da baƙar, ba ki da tsohuwarki. Wannan ciniki bai dace da ke ba.

In har yanzu ranki yana so, ki nemi waɗannan a rubuce: nawa aka rage daga farashin sabuwa, nawa ne ruwan da aka ɗora, yaushe garanti ya fara aiki tunda yakan fara tun ranar da aka sa motar a aro, kuma daga mil nawa za a fara yi miki lissafi. Ki sa su yi miki farashi da mil dubu ashirin a shekara ba tare da kuɗin gaba ba, sannan ki tambayi wani dila nawa zai ba ki sabuwa fil. Kada ƙarshen wata ya tsorata ki, motocin aro ba sa ƙarewa. Kuma kada ki sa hannu a komai Seth bai gani ba. Mai tafiya irin taki, sayen mota mai 'yan shekaru ya fi mata haya.

Sai Tabitha. Ta yi kuskure, ba zan wanke ta ba. Ke kika nuna mata motar, ya kamata ta zo ta same ki kafin ta sa hannu, kada ki gani a gaban jama'a. Amma shawarar da ta ba ki gaskiya ce, ga shi ni da ban san ta ba na faɗi irinta. Nas mai zuwa asibiti ɗaya ta dawo gida ba ta yin rabin tafiyarki, don haka abin da zai cutar da ke ita yana iya yi mata daidai. Mai yiwuwa kunya ce ta hana ta magana. Ba za ki sani ba sai kin saurare ta.

Ki ɗauki wayarta. Ki gaya mata a fili cewa ta ɓata miki rai, kuma kin ji kishi, kada ki ɓoye wannan. Faɗarsa za ta fi miki sauƙi a kan biyan kuɗin wata har shekara uku don kallo ɗaya a filin coci. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya albarkaci aikin hannunki, ya ba ki motar da za ki tuƙa hankalinki kwance.