Gini na Shida Bai Mutu Ba

Kuramochi Nanami,
Ɗaki na 102, Gini na 6,
Rukunin Gidajen Yanagizaka,
Birnin Hinokura.
8 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Hoshikawa-san,
Shugaban Sashen Gidaje,
Ofishin Magajin Gari,
Birnin Hinokura.

Game da: Ƙorafi a kan jan fenti da aka shafa wa gininmu a taswira, da roƙon a karɓi allon da ya makara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, a wannan lokaci da iska ta fara sanyi, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Wannan layin daga littafin koyon rubuta wasiƙa na maƙwabciyata na kwafo shi. Sauran duk nawa ne, don haka a yi mini afuwa, a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, daga nan sai kamfanin haɗa abincin rana inda nake yanka kabeji.

Kafin komai, na haihu! Mace ce, ranar 3 ga Agusta, sunanta Sumire. Mijina Daigo, direban motar raba awara, ya ce wannan ba ya cikin ƙorafi, in cire. Ban cire ba, domin za ka ga yana ciki dumu-dumu. Shekara ashirin da uku ba a yi haihuwa a Gini na 6 ba sai ita. Ranar da muka dawo daga asibiti, kwano tara na shinkafa da jan wake aka jere mana a bakin ƙofa. Jiya ma Sumire ta yi dariya mai sauti. To, ga ƙorafina, bi da bi.

1. A ranar Litinin, 9 ga Satumba, ofishinka ya aiko da takardar tambaya zuwa gininmu: wa yake so ya zauna idan an gyara ginin, wa yake so a mayar da shi wani wuri. Aka maƙala ta a allon zagaye kamar kullum, kowane ɗaki ya karanta, ya buga hatiminsa, ya miƙa wa na gaba, a dawo muku da ita kafin 20 ga wata. Allon bai dawo ba. Sai ofishinka ya rubuta cewa ba ko mutum ɗaya a Gini na 6 da ya nemi zama. Ranka ya daɗe, ɗaki arba'in ne a ginin, goma sha bakwai da mutane a ciki. Muna shanya a baranda. Muna fitar da shara ranar Talata da Juma'a. Daga ofishinka zuwa ƙofarmu tasha huɗu ce a bas. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ya ce, “Ku kuwa lafiya kuka yi shiru?” Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma shi kaɗai ne zan iya faɗa kaina a ɗage.

2. Da allon ya ɓace, aka ɗora laifin a kan shugaban gininmu, Baba Ikezawa na ɗaki 101, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Daga hannunsa allo yake tashi, ya zo wurina, daga ni sai Kaka Tsune ta 103, har ya kai hawa na biyar. Kaka Tsune ta ce ita bai iso ta ba. Aka tambaye ni, na ce ban ga allo ba, kuma har cikin zuciyata na yarda ban gani ba. Baba Ikezawa ya ce shi dai yana jin kamar ya ba ni. Daga “na ba ki” ya koma “ina jin na ba ki”, daga nan ya fara zargin kansa. Ya zazzage ɗakinsa, ya duba har cikin firij. Sannan ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya bi ƙofa goma sha shida yana rusunawa yana ba da haƙuri, da gwiwarsa mai ciwo, a ginin da ba lif, sai matakala. Da ya iso tawa ƙofar, ni Nanami, da bakina, na dafa kafaɗarsa na ce, “Baba, kar ka damu, tsufa ne, kowa zai je.” Har shayi na ba shi. Ina roƙo a rubuta a fayil ɗinku cewa ba laifinsa ba ne.

3. A ranar Lahadi, 6 ga Oktoba, aka yi muhawarar 'yan takarar magajin gari a zauren taron unguwa, a kan gidaje da sabunta tsofaffin unguwanni. Gininmu duka muka tafi, ni ina tura Sumire a keken jarirai, tsofaffi na biye kamar rakiyar wata babba. Aka haska taswirar da sashenka ya ba su a jikin bango. Duk gine-gine kore da rawaya, namu kaɗai ja wur.

Ɗan takara na farko, Shirasaki-san, ya nuna mu da sanda ya ce, “Ku dubi nan. An tambaye su, ko tari ba wanda ya yi. Ginin da ba ya amsawa ya riga ya mutu, binne shi kawai ya rage.” Kaka Tsune, da take gefena, ta ce, “Ni ce gawar? To gawa ta karya da kifi yau da safe.” Ta biyu, Onodera-san, ta ce ita ba za ta yi magana mai zafi haka ba, a hankali za ta kwashe mutanen, ta rushe ginin, ta yi filin wasan yara a wurin domin a jawo matasa masu iyali. Na dubi 'yata, ita kaɗai ce yarinya a zauren nan kaf, kuma ɗakinta ne za a rushe a kafa mata lilo. Na uku, Mogami-san, ya ce al'umma, ya ce zumunci, ya sake cewa al'umma. Na so shi ƙwarai, har na tafa. Sai mai gabatarwa ya ce, “To Gini na 6 fa?” Ya duba takardarsa ya ce ai shi lissafi ba ya ƙarya. Na janye tafina.

Su ukun ba su haɗu a kan komai ba ranar, har faɗa suka yi a kan hanyar bas, amma sun haɗu a kanmu. Wato ko wa ya ci zaɓe ranar 20 ga wata, mu mun faɗi. Baba Ikezawa yana layin gaba, kansa a ƙasa, hularsa a kan gwiwa.

4. Nan ne zan sauke murya. Ana cikin maganar Mogami-san, Sumire ta tsala kuka. Na tura keken bayan zaure in canza mata ƙunzugu, Kaka Tsune ta biyo ni da jaka. Ashe yarinya ta yi aiki sosai, har ya ratsa katifar keken. Na ɗaga katifa in goge ƙasa. Ranka ya daɗe, ga allo. Ga takardar ofishinka a maƙale, da hatimin Baba Ikezawa shi kaɗai a layin farko.

Nan take komai ya dawo mini. Keken nan na hannu ne, wata abokiyar aikina ta ba ni, gindinsa ya lotsa. Ranar 9 ga Satumba ita ce ranar da zan fara fita da jaririya zuwa awo, ina ta kokawa da keken a bakin ƙofa, duk inda na kwantar da ita sai ta nutse a tsakiya. Baba Ikezawa ya miƙo mini allo ya wuce. Na dubi allon, ga faɗi, ga ƙarfi. Na ce bari in zura shi ƙarƙashin katifa na minti ɗaya in gani. Ya zauna ɗas kamar don shi aka ƙera keken. Daga nan bas ta zo. Wata guda ina yawo da ra'ayin gida goma sha bakwai a ƙarƙashin 'yata. Allon ya je awo sau biyu, ya je wurin bauta ranar da aka kai ta neman albarka, ya je kasuwa ba adadi. Har yabon kaina na riƙa yi a wurin mata, wai ni na gyara keke da hannuna ba tare da namiji ba. Kuma allon ya halarci muhawarar da ake yi a kansa, a layi na huɗu.

Kaka Tsune ta dubi allo, ta dube ni. Ta ce, “Nanami-chan.” Na ce, “Na'am, Kaka.” Ta ce, “Tsufa ne, ko? Kowa zai je?” Na ce, “Kaka, ki rufa mini asiri.” Ta ce, “Da me? Da katifar? Ai ita ta kai mu nan.” Ta ɗauki allon da yatsu biyu yana ɗiga, ta ratsa tsakiyar zaure da sandarta, 'yan takara na kallo, ta ajiye shi a cinyar Baba Ikezawa ta ce, “Ungo, tsoho. Ƙwaƙwalwarka lafiya lau. Ta 'yar shekara ashirin da huɗu ce ta yi tsatsa.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai gabatarwa ya ce a zauna, lokacin tambayoyi bai yi ba. Da lokacin ya yi kuma, ba a kira mu ba.

5. Da muka koma gida na busar da takardar da na'urar busar da gashi. Na fara da ɗaki 101, na durƙusa goshina a ƙasa. Baba Ikezawa ya ce, “Ashe na ba ki.” Na ce, “Ka ba ni, Baba.” Ya ce, “Sake faɗa.” Na sake. Ya ce ɗansa har ya fara kawo masa takardun gidan kula da tsofaffi. Sannan ya miƙo hannu ya ce a ba shi ɓarauniyar ya gani, ya karɓi Sumire ya ce mata, “Ke ce kika zauna a kan gwamnati?”

Daga nan na bi sauran ƙofofin da kaina har hawa na biyar. Ba wanda ya yarda ya buga hatimi sai an ba shi jaririya ya riƙe, shi ya sa aikin minti talatin ya ci awa huɗu. An zage ni a ɗaki shida, an ba ni lemo a ɗaki goma, wasu sun haɗa mini duka biyun. Sakamako: gida goma sha shida suna son zama. Ɗaya, Udagawa-san na 504, ya ce shi a mayar da shi inda ba matakala, gwiwarsa ta gaji da zumunci. Na so in roƙe shi ya canza, amma ba ni da fuskar roƙon kowa a makon nan. Ga shi nan yadda ya buga.

6. Jiya Litinin, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe, na kai allon zuwa kanta ta uku a ofishinka. Ma'aikacin da na samu mutum ne mai ladabi, ba na so a taɓa shi. Ya ce wa'adi ya wuce da kwana goma sha bakwai. Ya ce kuma takardar ta sami tabo, hatimin layin farko ya baje. Ya tambaye ni ko shayi ne. Na ce ba shayi ba ne. Ya ajiye ta a hankali. Na ce to a ba ni sabuwa in sake zagayawa, ya ce an rufe ƙidayar, an riga an miƙa wa 'yan takara, ba a buɗe abin da aka rufe. Na ce, “Amma ga ni a gabanka, da ni da 'yata, daga ginin muke.” Ya ce ya gan mu, sai dai ba mu cikin lissafi. Ya rusuna, na rusuna, ya sake rusunawa, na fito.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Shugaba abubuwa kamar haka. A karɓi takardar nan da tabonta, na sa ta a leda. Idan doka ba ta yarda ba, a turo mutum ɗaya da sabuwa, zan raka shi ƙofa-ƙofa, ba zan taɓa ta da hannuna ba. A goge jan nan daga taswira, a sanar da Shirasaki-san da Onodera-san da Mogami-san a rubuce kafin ranar 20 ga wata, domin kada wani ya hau kujera da alkawarin rushe mu a bakinsa, ya ji kunyar janyewa. Kaka Tsune ta shiga ginin nan tana amarya, mijinta a ɗakin nan ya cika. Ni kuwa ban taɓa zama inda na yi tari aka ƙwanƙwasa mini ƙofa da magani ba sai nan, kuma a nan nake so 'yata ta koyi tafiya.

Idan kuma lallai sai an shafa wa wani ja, to a shafa wa ƙofa ta 102. Ni aka tambaya na yi shiru. Baba Ikezawa ya amsa tun ranar farko, sauran goma sha biyar kuwa tambayar ba ta taɓa isa gare su ba.

Ina mai sunkuyar da kai, tare da neman gafarar tsawon takarda da munin rubutu.

Taka mai biyayya,

Kuramochi Nanami
(hatimi)

Ƙari: Kaka Tsune ce za ta kawo maka wannan da hannunta. Mutanen gini sun yi taro sun yanke cewa kada a ƙara ba ni takarda.